Mota ta ƙi yin kik: tambayoyin da aka fi yi mini da amsoshinsu

Kusan duk sati sai an kira ni ko an tsare ni a bakin masallaci da magana ɗaya, wai mota ta ƙi tashi. Na daɗe ina aikin wayarin ɗin mota, rewaya kenan kamar yadda ake kiranmu, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne yawancin mutane kafin su iso wajena sun riga sun zubar da kuɗi a banza, wani ya sayi sabon batir, wani an kwance masa kik, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi, an je kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano an sako wani, ƙarshe a zo a tarar noti ɗaya ne ya saki. To ga tambayoyin nan na tara su wuri ɗaya.

Oga, motata ta ƙi tashi, me ya lalace?

Malam ai tambayar ma ba ta cika ba tukuna. Ƙin tashi iri biyu ne kuma ba su haɗa hanya ba. Akwai motar da in ka murɗa makulli za ka ji inji yana juyawa, gir-gir-gir, amma ya ƙi kamawa, wannan maganar mai ce ko filogi ko famfon mai ko wani sensa, kik ɗinka lafiyarsa lau kuma batir ɗinka ma ya yi aikinsa. Akwai kuma wadda injin ko motsi ba ya yi, sai dai ka ji ƙas, ko ƙas-ƙas-ƙas, ko kuma shiru kamar an ɗauke wuta a unguwa. Wannan ta biyun ita ce maganarmu yau. Don Allah kafin ka kira kowa ka tsaya ka saurari motar, ka sauke gilashi, ka kashe rediyo, ka murɗa ka ji me ta ce, domin da wannan ƙarar kaɗai ni nakan san rabin matsalar tun a waya.

Wai me ke faruwa ne tsakanin murɗa makulli da juyawar inji?

Abin ba shi da wuya. In ka murɗa makulli zuwa ƙarshe, 'yar wuta kaɗan ce take tafiya ta siririyar waya, ta bi ta fis, ta bi ta rile, wato ɗan suwic ɗin da wuta ke kunnawa, ta bi ta wani suwic da ke tabbatar da giya tana P ko N in otomatik ce, sannan ta isa ga solonoyid, wato ɗan gwangwanin nan da ke goye a bayan kik. Shi solonoyid aiki biyu yake yi lokaci guda, ya tura ƙaramin haƙorin kik, bendis kenan, ya shiga cikin haƙoran fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, sannan ya haɗa babbar wuta daga batir kai tsaye zuwa cikin kik ɗin. Babbar wutar nan ba wasa ba ce, ƙaramar mota mai fetur ma tana jan sama da amfiya 100 a wannan ɗan lokacin, mai dizal kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Daga nan wutar ta koma batir ta jikin inji da baƙar wayar at, wato wadda ta haɗa ragin batir da ƙarfen mota. Ko ina a cikin wannan hanya aka samu yankewa, mota ba za ta yi kik ba. Shi ke nan fa duka sirrin.

Tana yin ƙas-ƙas-ƙas da sauri kamar keken ɗinki, kik ne ya mutu?

A'a, yawanci ma wannan ƙarar shaida ce cewa solonoyid yana da rai. Abin da ke faruwa shi ne wutar ta isa ta ja solonoyid, amma da zarar ya haɗa babbar wuta kik ya fara zuƙa sai wutar ta faɗi, solonoyid ya saki, wuta ta ɗan dawo ya sake ja, haka yake ta yi. Wato ko batir ya yi sanyi, ko kan batir ya yi datti ko ya saki. Ka kalli fitilun dashbod lokacin da kake murɗawa, za ka ga suna kiftawa tare da ƙarar. Kar ka bari kowa ya taɓa maka kik a kan wannan.

To amma fa fitila tana kamawa, rediyo na yi, oda ma na yi, ya za a ce batir ne?

Wannan ita ce gardamar da na fi sha da mutane wallahi. Ɗan'uwa, rediyo da fitilar cikin mota abin da suke ci bai taka kara ya karya ba, yaron da zai iya ɗaukar gallan ɗin ruwa ba shi zai ɗaga buhun masara ba. Batir zai iya kunna maka rediyo yini guda amma ya kasa juya inji sau ɗaya.

Ga gwajin da ba ya buƙatar komai. Kunna manyan fitilun gaba, ka sa wani ya tsaya yana kallo ko ka haska bango, sai ka murɗa makulli. In fitilun suka dushe sosai ko suka mutu gaba ɗaya, to wuta ce ba ta isa, ka nemi batir da kawunansa, in kuma waɗannan lafiya suke to wani abu ne ya riƙe kik ɗin ko injin kansa. In kuwa fitilun ko gezau ba su yi ba, suna nan da haskensu, to batir ba shi da laifi, wutar ce ba ta isa ga kik ɗin ko kuma ta isa shi ya ƙi karɓa. Ka ga da wannan kaɗai ka raba matsalar gida biyu.

Ina da 'yar mita, lamba nawa ya kamata in gani?

Madalla, kai ka huta. Ka sa mitar a DC 20, jar waya a kan alamar ƙari, baƙa a kan alamar ragi, mota a kashe kuma ta ɗan huta. Batir mai cikakken caji zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ka ga 12.4 ya ɗan sauka amma zai yi, 12.2 kusan rabi kenan, ƙasa da 12 kuwa ya yi sanyi sai an yi caji. In ka ga wajen 10.5 kuma an yi caji ya ƙi hawa, galibi ɗaya daga cikin ɗakuna shida na cikinsa ne ya mutu, wannan babu magani sai sabo.

Amma fa lambar da ta fi muhimmanci ita ce wadda za ka gani lokacin da wani yake murɗa makulli kai kana riƙe da mitar. Bai kamata ta faɗi ƙasa da 9.6 ba. Na sha ganin batir yana nuna 12.5 a zaune kamar mutumin kirki, ana murɗawa ya zube zuwa 6, irin wannan shi ne yake yaudarar mutane. Kuma ka ɗora bakin mitar a kan dalmar batir ɗin kanta, sannan ka sake ɗorawa a kan ƙarfen da ya matse ta, in lambobin suka bambanta lokacin murɗawa to ka kama ɓarawon, a tsakanin nan wutar take ɓacewa.

Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yana hana mota tashi da gaske?

Ƙwarai kuwa, kuma in da zan ƙirga motocin da aka jawo mini da igiya saboda shi da na gaji. Tururin ruwan batir ne yake cin ƙarfen, wani fari wani kore-kore, sai ya shiga tsakanin dalma da abin matsewa ya zama kamar katanga. Ka fara kama kan da hannu ka murɗa, in ya juya to a sake yake, bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Ka kwance na ragi tukuna sannan na ƙari, yawanci sifana 10 ce, ka wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki ko bekin soda, za ka ga yana kumfa, kar dai ka bari ya shiga cikin ramukan batir ɗin. Ka goge da sanfefa ko buroshin waya har ƙarfe ya yi ƙyalli, ciki da waje, ka mayar da na ƙari da farko na ragi a ƙarshe, ka ɗaure tam ka shafa ɗan giris a sama. Kuma ka kiyaye idonka da rigarka, garin nan yana huda kaya.

Su kuma masu cusa ƙusa ko guntun waya ko takardar sigari a gefen kan batir don ya matse, su kuma buga shi da dutse, don Allah a daina, sabon kai kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa biyu ba. Sannan kar a manta da ɗaya ƙarshen baƙar wayar, inda take ɗaure a jikin mota da jikin inji ko giyabos. Sau da yawa bakanike ya sauke inji ko giyabos ya mayar ya manta bai ɗaure at ɗin da kyau ba, ko ya ɗaure shi a kan fenti da tsatsa. In kana zargin haka ka ɗauki wayar jona batir guda ɗaya ka haɗa daga ragin batir zuwa wani tsiraran ƙarfe a jikin inji, in ta tashi to ka san inda za ka gyara.

Ni kuma tawa ƙas ɗaya take yi mai ƙarfi sai shiru.

To a nan ne za a fara zargin kik, amma bayan an tabbatar da batir da kawunansa fa. Ƙas ɗin nan solonoyid ne ya tura, sai dai babbar wutar ba ta wuce ba ko ta wuce kik ya kasa juyawa. A motocin Toyota irin su Corolla da Camry da Hilux abin da na fi samu shi ne 'yan tagulla biyu da ke cikin solonoyid sun cinye, shi ya sa za ka ga yau ta tashi bugu ɗaya gobe sai ka murɗa sau bakwai. Ana canza tagullar kawai, ba sai an jefar da kik ba. Wani lokacin kuma buroshin cikin kik ne suka ƙare, ko bushin ya cinye har amecha, wato sandar da ke juyawa a cikin kik, tana gogar jiki.

An ce in an ƙwanƙwasa kik da sifana yana tashi, gaskiya ne?

Gaskiya ne, in buroshi ne suka gajarce ko suka maƙale, girgizar takan sa su taɓa. Wani ya murɗa makulli kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa, na ce ƙwanƙwasa fa ba duka ba. Kik ɗin motocin yanzu da yawa maganaɗisu ne manne a cikinsu, in ka ɗirka masa guduma ka fasa shi ka mayar da ƙaramin gyara ya zama sayen sabo. Kuma in ta tashi ka wuce gareji kai tsaye, ba wai ka mayar da sifanar abokiyar tafiya wata uku ba kamar yadda wasu direbobin haya suke yi.

Shiru take yi gaba ɗaya, dashbod ya kawo wuta amma ko ƙas babu.

In otomatik ce fara da abu mafi sauƙi, taka birki ka matsa giyar sosai zuwa P, in ta ƙi ka kai ta N ka murɗa. In ta tashi a N to suwic ɗin giya ne ko kebul ɗinsa ya goce. Wasu masu giyar hannu kuma sai ka take kuloci har ƙasa, kuma kafet mai kauri da aka shimfiɗa yakan hana shi kaiwa, na taɓa gani da idona. Bayan nan sai ka buɗe akwatin fis da ke gaban mota, a jikin murfin akwai zane, ka nemi wanda aka rubuta ST ko STARTER, ka duba fis ɗin, rile ɗin kuma ka musanya shi da wani irinsa sak da ke kusa, kamar na oda, ka gwada.

In duk wannan bai yi ba tambayar da nake yi ita ce, an taɓa sa wa motar tiraka ko sikiyoriti? Domin masu sa su sukan yanke wayar da ke zuwa kik ne su ratsa ta cikin na'urarsu, wasu ko solda ba sa yi, murɗawa kawai su naɗe da salatif, bayan shekara ɗaya zafi da girgizar hanya su sake haɗin. Motocin Kwatano da aka yi wa irin wannan aiki a hannu biyu uku, in ka buɗe ƙarƙashin sitiyari sai ka ga wayoyi kamar taliya. Sai kuma suwic ɗin makullin kansa, musamman ga masu rataya makullan gida da na shago da na ofis duka a jiki.

Rewaya yakan gwada ta hanyar ba wa ƙaramar wayar solonoyid wuta kai tsaye, in kik ya juya an san laifin yana baya. Amma kai kar ka sa sukundireba ka haɗa da kanka in ba ka sani ba, in motar tana cikin giya za ta taka ka ne kana gabanta.

Tawa ta dannawa ce, babu makullin murɗawa. Hajiya ce ke tambaya.

Hajiya, abu biyu za ki fara dubawa. Na farko ki taka birki da ƙarfi ki sa wani ya duba ko jar fitilar baya ta kama, in ba ta kama ba to motar ba ta san kin taka ba, suwic ɗin birki ne, ba kuma za ta yi kik ba. Na biyu batir ɗin rimot, ɗan fale-falen nan kamar kwabo, yawanci CR2032 ne ko ɗan'uwansa, lambar tana rubuce a jikinsa. In ya mutu ki kanga rimot ɗin a jikin maɓallin ki danna, motoci da yawa za su tashi a haka. In kuma sitiyari ya kulle ki ɗan jijjiga shi hagu da dama kina dannawa.

Na shiga ruwa da damina motar ta mutu a ciki, yanzu ƙas kawai take yi.

Tsaya! Cire hannunka daga makullin nan. Wannan ita ce guda ɗaya da in ka ci gaba da gwadawa za ka yi asarar inji. In ruwa ya bi ta bututun iska ya shiga silinda, fistin ba zai iya matse shi ba kamar yadda yake matse iska, in aka tilasta sai sandar fistin ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa bulok. Kar a tura, kar a jona. A buɗe gidan iyafilta a gani ko ya jiƙe, a ja dipistik a gani ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, a cire filogi duka sannan a juya injin ruwan ya fito ta ramukan, a canza mai.

Haka ma in ba ruwa ka shiga ba amma batir lafiya, waya lafiya, fitila na dushewa in an murɗa, to a sa sifana a babban notin fulin ƙasa a gwada juya injin da hannu, giya a firi. In ya ƙi motsi kar a yi saurin cewa inji ya yi nokin, a cire bel tukuna a sake gwadawa, domin altaneta ko kwamfiresan AC in ya cije yakan riƙe injin gaba ɗaya ta hanyar bel. An taɓa kawo mini wata da har an yi wa mai ita kuɗin sabon inji, ashe kwamfiresa ce. In an cire bel ya ƙi juyawa, to sai haƙuri, a tambayi mai ita yaushe rabonsa da duba baƙin mai.

Kik yana juyawa wuuu shi kaɗai amma injin ba ya motsi, wani lokacin kuma ƙara kamar ana niƙa.

Bendis ne, ko dai ba ya fita ya kama fulawil ko yana zamewa. Ƙarar niƙa kuwa haƙora ne ke gogar juna, ko notin da ke riƙe da kik ya saki ko haƙoran sun cinye. Yi maza ka gyara, bendis abu ne mai sauƙi, amma in ya cinye haƙoran fulawil sai an sauke giyabos.

Yaya ake jona batir da wata mota ba tare da an ƙona wani abu ba?

Jar waya daga ƙarin mataccen batir zuwa ƙarin mai rai. Baƙar waya daga ragin mai rai, ɗaya bakin kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa kaɗan da batir, saboda batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta kuma haɗin ƙarshe shi ke yin tartsatsi. A bar mai ran tana aiki minti biyar tukuna sannan a gwada. Kar a murɗa fiye da sakan goma a jere, a bari kik ya huce. Ka duba alamar da idonka kar ka dogara da launin waya, haɗa ƙari a kan ragi sau ɗaya ya isa ya ƙona altaneta da babban fis har da birenbos, wato kwamfutar mota. Kuma kar a jona ƙaramar mota da tirela ko tifa, yawancinsu bolt 24 suke amfani da shi.

In tura ta fa?

Mai giyar hannu eh, makulli a kunne, giya ta biyu, ka take kuloci, in ta ɗauki gudu ka saki. Otomatik kuwa ko majiya ƙarfin unguwa duka ka tara ba za ta tashi ba. Kuma in batir ya mutu murus har dashbod ba ya kawo wuta, motar zamani mai injekta da wuya ta kama da turi don famfon mai da birenbos suna buƙatar wuta, ba kamar tsohuwar fijo 504 ba da yara huɗu sun ishe ta.

Na sayi sabon batir, bayan kwana uku ta sake yin sanyi.

To ai dama ba batir ne asalin ciwon ba. Ko altaneta ba ta caji, ko wani abu yana shan wuta da dare. Tayar da motar ka sa mita a kan batir, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In tana nan a 12 da ɗoriya to ba ta caji, a duba bel da altaneta. In caji lafiya amma kullum da safe sai an jona, sai a nemi mai sata, fitilar but da ba ta mutuwa, rediyon da aka haɗa kai tsaye da batir, tiraka, ko diyod ɗin altaneta. Ana sa mita a jere da wayar ragi a riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har a ga inda lambar ta faɗi.

Abin da ba na so in gani shi ne gwajin nan na cire kan batir inji yana aiki wai a ga ko altaneta na caji, ko a tayar da mota da batir ɗin aro a cire a mayar da naka tana kunne. A zamanin kafireto an yi an wuce lafiya, amma motar da ke da birenbos batir shi ke daidaita wutar, kana cire shi wuta na iya haurawa ta ƙona abin da ya ninka kuɗin batir sau da yawa. In ka ga yaron gareji ya nufi haka ka riƙe masa hannu.

Me ya sa sai da sanyin hunturu da asuba take yi mini haka?

Zafin watan Maris da Afrilu ne ya riga ya cinye batir ɗin, ya ƙafar da ruwansa ya ci farantan ciki, sanyi kawai tona asiri yake yi, domin da sanyi batir ƙarfinsa na raguwa baƙin mai kuma ya yi kauri inji ya yi nauyin juyawa. In naka mai murafu ne ka riƙa duba ruwansa, in ya sauka ka ƙara tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba kuma fiya wata ba. Batir ɗin da ya haura shekara biyu a zafin nan namu ya fara jan ƙafa da safe, fara tanadin kuɗi.

An tabbatar kik ne. In gyara nawa ko in sayi na Beljiyam?

Ni dai in amecha ba ta ƙone ba gara a gyara naka na asali, a sa buroshi da bushin da tagulla, ka san abin da ke ciki. Na Beljiyam sa'a ne, wani ya yi maka shekaru wani sati biyu. In dole sai ka saya, ko a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja, ka tafi da tsohon a hannu, a ƙirga haƙoran bendis a gwada ramukan noti su zo ɗaya, a jona shi da batir a gabanka ka ga ya harba da ƙarfi, sannan ku yi magana da mai shagon cewa in an ɗaura bai yi ba za ka dawo da shi, ya rubuta maka a rasit.